Jelatin, Riƙon Nauyi da Gwiwar Wani Ɗan Ƙwallon Kwando

A shekarar 2019 Farfesa Keith Baar na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, ya wallafa rahoton jinyar mutum guda a wata mujallar kimiyyar abinci da wasanni. Mutumin ƙwararren ɗan ƙwallon kwando ne, da wasan yake ci yake sha, kuma rahoton bai bayyana sunansa ba. Ciwonsa a gwiwa yake, a jijiyar nan mai kauri da ta taso daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ta kama kan ƙashin ƙwauri. Hoton MRI ya nuna tsakiyar jijiyar ta lalace, daidai wurin da take manne da ƙoƙon. Aka ɗora shi a kan abu biyu: riƙe nauyi ba tare da motsa ƙafa ba, da shan jelatin (furotin da ake dafowa daga fata da ƙashin dabba) mai bitamin C kafin ya fara. Bayan shekara ɗaya da rabi, wani likitan ƙashi da ba ya cikin masu kula da shi ya duba sabon hoton, ya ce jijiyar ta koma daidai. Ciwo ya ragu, wasansa ya inganta, kuma duk tsawon lokacin bai ajiye gasa ba.

Tun daga nan wannan rahoto ya zama abin kafa hujja a bakin masu horar da 'yan wasa da masu sayar da garin kolajin, wato furotin ɗin da zaruruwan jijiya suka ƙunsa. Ya cancanci a zauna a dube shi da kyau, domin a cikinsa ne tambayar da masana ke ta kai-kawo a kanta ta fito fili: shin 'yan guntayen furotin da ake kira feftaid, waɗanda ke shiga jini bayan an sha jelatin, suna sa ƙwayoyin halittar jijiya su ƙera sabon kolajin?

Ciwon da kansa

Wannan ciwo ya san masu tsalle. Wani bincike da aka yi a Norway a 2005 a kan manyan 'yan wasa 613 ya samu kusan kashi 45 cikin ɗari na 'yan ƙwallon raga suna fama da shi, na ƙwallon kwando kuma kusan kashi 32. Mai shi yana iya nuna maka wurin da yatsa ɗaya, ƙasan ƙoƙon gwiwa. Yana tashi idan an dira daga tsalle, ko an sauko daga bene, ko an daɗe a zaune da gwiwa a lanƙwashe. Yakan lafa idan jiki ya yi zafi a fili, washegari ya dawo. Abin da ya sa yake karya zuciyar ɗan wasa shi ne daɗewa: ana yin shekaru da shi.

Dalilin daɗewar yana cikin yadda jijiya take. Jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, idan aka cire ruwan da ke cikinta, mafi yawanta kolajin ce, nau'i na ɗaya, kuma jini kaɗan ne ke ratsa ta idan aka kwatanta da tsoka. Ƙwayoyin halittar da ke cikinta 'yan kaɗan ne, a jere suke tsakanin zaruruwan kolajin, a miƙe, kuma a jikin baligi mai lafiya aikinsu a hankali yake tafiya ƙwarai.

Masu bincike a Kopenhagen ta Danmak, ƙarƙashin jagorancin Michael Kjaer, sun nuna iyakar wannan jinkiri ta wata hanya mai ban mamaki. Gwajin bama-baman nukiliya da aka yi a sararin sama tsakanin tsakiyar shekarun 1950 da 1963 ya ƙara yawan sinadarin kabon-14 a iska, daga baya ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Kabon ɗin yana shiga tsirrai, ya shiga abinci, ya shiga jikin mutum, don haka kowane nama yana ɗauke da alamar shekarun da aka gina shi. Katja Heinemeier da abokan aikinta suka auna shi a agarar mutum 28 da aka haifa tsakanin 1945 da 1983. Sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna cewa kolajin da ke tsakiyar agara an shimfiɗa shi ne a shekaru 17 na farkon rayuwa, bayan haka kusan ba ya sauyawa. Tsoka kuwa, da suka auna ta ita ma, kullum sabuntawa take yi. Ke nan dattijo ɗan shekara sittin yana tafiya ne da tsakiyar agarar da ya gina tun yana saurayi.

Duk wanda ya san wannan, ya ji an ce tsakiyar jijiyar baligi ta lalace kuma ta gyaru, dole ya tsaya ya tambayi ta yaya.

Abin da aka sa shi yi

Tunanin Baar ya faro ne daga yadda jijiya ke raba nauyi. A ɗauki igiyar rijiya da wasu zaruruwanta na tsakiya suka tsinke. Idan aka fizge ta da sauri, zaruruwan gefe masu ƙarfi su ke ɗaukar nauyin gaba ɗaya, na tsakiya ba sa jin komai. Haka jijiya mai rauni take: lafiyayyen ɓangaren yana kare wurin da ya lalace daga ja. Wannan kariya tana hana tsinkewa, amma tana da illa, domin ƙwayoyin halittar jijiya da ja suke sanin inda za su jera sabon kolajin. Idan ja bai iso gare su ba, abin da suke sakawa tabo ne kawai, zaruruwa sirara a harɗe, ba su fuskanci ko'ina ba.

Jijiya tana da wata ɗabi'a: idan aka ja ta aka riƙe, ba a saki ba, sai ta riƙa sassautawa a hankali, ruwan da ke cikinta yana fita, zaruruwan suna zamewa kusa da juna. Baar ya yi hasashen cewa idan ɓangaren mai ƙarfi ya sassauta, nauyin zai gangaro zuwa wurin da ya lalace. Saboda haka aka sa ɗan wasan ya riƙa tura nauyi mai yawa da ƙafa a na'urorin motsa jiki, da kuma wani irin tsuguno da ake ɗaure bayan gwiwa da bel, ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya riƙe. An fara da 'yan daƙiƙu, aka riƙa ƙarawa har riƙon ya kai daƙiƙa 30. Zaman bai da tsawo. Wannan ma da dalili: gwaje-gwajen da ɗakin binciken Baar ya yi a kan jijiyoyin da aka raina a kwano sun nuna ƙwayoyin halittar suna amsa ja ne a cikin kamar minti goma na farko, daga nan su daina, sai bayan kamar awa shida su sake amsawa.

Awa ɗaya kafin zaman, yakan sha giram 15 na jelatin tare da bitamin C.

Me ke cikin kofin

Jelatin kolajin ne da aka dafa daga fata da ƙashin dabba har ya warware. Garin kolajin da ake sayarwa kuma jelatin ne da aka ƙara daddatsawa da enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta irin wannan aiki a jikin halitta, har ya zama guntaye. Shi kolajin zare uku ne na furotin a murɗe da juna, kuma a kowane zare, cikin kowane amino asid uku (su ne tubalan ginin furotin) ɗaya wanda ake kira gilaisin ne. Da yawa daga cikin sauran guraben wasu amino asid biyu ne ke cike su, furolin da haidroksifurolin. Wannan na ƙarshe shi ke riƙe murɗin ya tsaya da ƙarfi a zafin jikin mutum, kuma enzayim ɗin da ke samar da shi ba ya aiki sai da bitamin C da sinadarin ƙarfe. Shi ya sa wanda ya daɗe babu bitamin C dasashinsa ke zubar da jini, tsofaffin raunukansa su buɗe.

Shekaru da yawa abin da ake koyarwa shi ne duk furotin da aka ci hanji yana farfasa shi zuwa amino asid ɗai-ɗai, don haka cin kolajin da cin wake duk ɗaya ne ga jijiya. Wannan magana tana da gaskiya, amma ba ta cika ba. Bangon hanji yana da wata ƙofa da ake kira PepT1 mai shigar da feftaid na amino asid biyu ko uku a haɗe. Yawancinsu ana raba su da zarar sun shiga. Amma waɗanda ke ɗauke da haidroksifurolin suna da taurin kai, enzayim ba ya saurin datse su. A 2005 Kenji Sato da abokan aikinsa a Kyoto, a Japan, suka ba mutane garin jelatin suka auna jininsu. Suka samu feftaid masu haidroksifurolin sun hau, sun kai ƙololuwa cikin awa ɗaya zuwa biyu, sannan suka ragu da kusan rabi bayan awa huɗu. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne haɗin furolin da haidroksifurolin, wanda ake taƙaita sunansa da Pro-Hyp.

A nan akwai wani abu da masu talla ba sa faɗa, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Ƙwayar halitta ba ta ɗaukar haidroksifurolin da aka ci ta saka shi a sabon kolajin. Furolin take sakawa a zaren, sai bayan ya shiga sannan enzayim ya mayar da shi haidroksifurolin. An san haka tun ƙarshen shekarun 1940. Ke nan kolajin ɗin saniya ba ya tafiya ya liƙe a gwiwar mutum, kuma idan Pro-Hyp yana da wani amfani, ba a matsayin kayan haɗi ba ne. Saƙo yake kai wa.

Wane saƙo? A jiki, lokacin da guntayen kolajin ke yawaita a wuri shi ne lokacin da nama ya ji rauni ana rushe tsohon kolajin. Tun 1978 Arnold Postlethwaite da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin halitta masu ƙera kolajin suna rarrafawa zuwa inda irin waɗannan guntaye suke. Daga baya masu bincike a Japan suka ga jikin ɓera yana samar da Pro-Hyp da kansa a wurin da fata ta ji rauni ko ta kumbura. Fahimtar da ta fi ƙarfi a yau ita ce ƙwayar halitta tana karanta wannan feftaid a matsayin alamar cewa an yi ɓarna a kusa, a tashi a gyara. Mai shan jelatin yana aika wannan alama ne ta hanyar jini.

Binciken da ya kai maganar kan jijiya kai tsaye ya fito ne a 2021 daga ɗakin binciken Takao Sakai a Jami'ar Liverpool, tare da abokan aiki daga Japan. Sun raini ƙwayoyin halitta daga agarar manyan ɓeraye suka zuba musu Pro-Hyp. Ƙwayoyin suka ƙara hayayyafa, suka ƙara tafiya, suka ƙara samar da makamashi, kuma saƙar kolajin nau'i na ɗaya da suke shimfiɗawa a kewayensu ta fi tsaruwa. Masu binciken sun bi sawun abin har zuwa wani furotin da ke bangon ƙwayar, intagirin, wanda da shi take kama abin da ke kewaye da ita. Wannan ya ja hankalina ƙwarai, domin intagirin yana cikin hanyoyin da ƙwayar jijiya ke jin ja da su. Saƙon feftaid da saƙon nauyi ta ƙofa ɗaya suke iya shiga. Sai dai a riƙe cewa ƙwayoyin ɓera ne a cikin kwano, feftaid ɗin yana kewaye da su dare da rana. A jikin mutum awa biyu yake yi a jini ya fara janyewa, kuma sai ya ratsa naman da jini bai cika shiga ba.

Wannan matsala ta isa wurin ita ce ta sa aka zaɓi awa ɗaya kafin motsa jiki. Jijiya tana samun wani ɓangare na abincinta ne ta hanyar ruwan da ke fita idan an ja ta ya kuma komo idan an sake ta. Baar ya so lokacin da feftaid da amino asid suka cika jini ya zo daidai da lokacin da jijiyar ke zuƙar ruwa.

Mutum takwas da tsallen igiya

Giram 15 ɗin ba daga sama aka tsinto shi ba. A 2017 Baar, tare da Greg Shaw na Cibiyar Wasanni ta Ostareliya da ke Canberra, sun wallafa gwajin da suka yi da lafiyayyun maza takwas. Kowannensu ya sha abin sha iri uku a lokuta daban-daban, ba shi ba mai ba shi, babu wanda ya san wanne ne: na bogi, mai jelatin giram 5, da mai giram 15, da bitamin C miligiram 48. Bayan awa ɗaya sai su yi tsallen igiya na minti shida. Haka suka riƙa yi sau uku a rana, da tazarar aƙalla awa shida, har kwana uku.

Abu biyu suka fito. Da aka ɗebi ruwan jininsu awa ɗaya bayan sha aka shayar da jijiyoyin da aka raina a kwano na kwana shida, jijiyoyin sun ƙara kolajin. Sannan a jinin waɗanda suka sha giram 15, wani guntun furotin da ake kira PINP, wanda ake gutsurewa a yar duk lokacin da aka ƙera sabon kolajin, ya ninka idan aka kwatanta da na bogi.

Kalmar nan "ya ninka" ita ce ta zaga duniya. Amma PINP da ke yawo a jini mafi yawansa daga ƙashi yake fitowa, shi ya sa likitoci ke amfani da shi wajen auna ginuwar ƙashi. Ƙashi ya fi jijiya yawa nesa ba kusa ba, kuma tsallen igiya yana motsa shi sosai. Don haka gwajin bai nuna jijiyar kowa ta ƙara kolajin ba. Bugu da ƙari, da Dana Lis da Baar suka sake irin wannan gwaji a 2019 da jelatin da garin kolajin, hawan da PINP ya yi kaɗan ne, kuma bambanci tsakanin mutum da mutum ya yi yawa har ba a iya cewa abin ba dace ba ne.

Wa ya gyara gwiwar?

Mu koma kan ɗan wasan. Ya warke, wannan babu ja. Amma an ba shi magani biyu a lokaci guda, kuma shi kaɗai ne, babu wani mai irin ciwonsa da aka ba ɗaya aka hana ɗaya. Baar kansa rahoton lamari ya kira aikin, bai kira shi gwaji ba.

Daga cikin magungunan biyu, ɗaya ya riga ya tsaya da ƙafafunsa tun kafin a yi zancen jelatin. A 2009 Mads Kongsgaard da abokan aikinsa a Kopenhagen sun nuna ɗaga nauyi mai yawa a hankali na mako 12 yana rage wannan ciwo, kuma amfanin yana nan bayan wata shida, alhali waɗanda aka yi wa allurar kotizon sun samu sauƙi da farko daga baya ciwon ya dawo. A 2015 Ebonie Rio a Ostareliya ta sa 'yan ƙwallon raga shida masu ciwon suka riƙe nauyi na daƙiƙa 45 sau biyar, ciwon ya faɗi nan take. Babu jelatin a ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Shi kuwa kolajin, gwaje-gwajen da suka biyo baya sun rabu. Stephan Praet ya gwada shi a 2019 a kan mutum 20 masu tsohon ciwon agara, duk suna motsa sha-raɓa sau biyu a rana, kuma a wata uku na farko masu shan garin kolajin sun fi masu shan na bogi samun sauƙi. A Freiburg ta Jamus, bayan mako 14 na ɗaga nauyi, agarar lafiyayyun maza masu shan giram 5 ta fi ta sauran ƙara kauri, amma ba ta fi ta tauri ba. A Loughborough ta Ingila, mako 15 da giram 15 a kullum bai kawo wani bambanci a jijiyar gwiwa ba. A Maastricht ta Holan kuma, ɗakin binciken Luc van Loon ya auna ƙirar furotin kai tsaye a naman da ke naɗe tsoka a 2023, bayan an sha giram 30 na kolajin, bai ga ƙari ba. Gwaje-gwajen duk ƙanana ne, kuma da dama daga cikin na wannan fanni kamfanonin da ke sayar da garin ne ke ɗaukar nauyinsu. Wannan bai mayar da su ƙarya ba, amma mai karatu ya cancanci ya sani.

Akwai abu ɗaya da nake ganin yana iya daidaita wannan saɓani. Mutanen Kopenhagen sun koma kan kabon-14 a 2018, wannan karon da agarar masu ciwo. Suka tarar, saɓanin lafiyayya, jijiya mai ciwo tana ɗauke da sabon kolajin mai yawa, kuma sauyin ya faro shekaru kafin mai ita ya fara jin zafi. Ke nan a jijiyar da ta lalace ƙwayoyin halitta a farke suke, suna rushewa suna ginawa. Idan feftaid zai yi tasiri, a irin wannan wuri ya fi dacewa ya yi, inda ake da ƙwayoyin da ke sauraro da kuma buƙatar gilaisin da furolin mai yawa. Lafiyayyen saurayi da tsakiyar jijiyarsa ta rufe aiki ba lallai ya nuna komai ba. Ɗan wasan Baar yana cikin rukunin farko.

Hukuncina a kan lamarin shi ne riƙon nauyi ne ya ɗauki kaso mafi girma na aikin, domin shi ne ya kai ja wurin da ya lalace ya nuna wa ƙwayoyin inda za su jera zare. Jelatin mai yiwuwa ya taimaka, kuma hanyar da zai bi ya taimaka a bayyane take, daga hanji zuwa jini zuwa intagirin. Abin da ya dame ni shi ne yadda labarin ke juyewa idan ya iso kasuwa: gwangwanin gari a gaba, shekara ɗaya da rabi na riƙon nauyi a bayan fage. Yaron da ke buga ƙwallo da ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, idan ya sayi garin ya kwanta yana jiran warkewa, ya yi asarar kuɗinsa da lokacinsa.

Mai karatu zai iya tambaya game da ganda da farfesun ƙafar saniya. Romon nan da ke daskarewa idan ya huce jelatin ne, ba wani abu ba, sai dai yawansa a kwano ba a aune yake ba, kuma yana tafe da kitse. Wanda zai sayi na kanti kuma ya duba tushensa, domin babban kaso na jelatin ɗin duniya daga fatar alade ake yin sa. Akwai na saniya da na kifi masu shaidar halal. Bitamin C ɗin da aka yi amfani da shi a gwajin 2017 bai wuce abin da lemon zaƙi guda ke bayarwa ba.

Kada kuma a haɗa wannan da feftaid na allura da ake tallatawa a intanet, irin BPC-157, mai amino asid 15, wanda masu bincike a Zagreb ta Kuroshiya suka daɗe suna gwadawa. Kusan duk shaidar da ake da ita a kansa ta ɓeraye ce, hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi a matsayin magani ba, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi ga 'yan wasa tun Janairun 2022. Ɗan wasan da aka samu da shi a jikinsa dakatarwa ce ke jiransa. Jelatin da garin kolajin abinci ne, ba sa cikin jerin abubuwan da hukumar ta hana.